Awon Yaro Mai Nauyin Baƙi Da Awon Kasuwa Mai Zafi

 

Mas'ala biyu na ke so mu duba, waɗanda mai jinsu da fari zai ce babu abin da ya gama su. Ta farko ta yaron nan ce da ya ke shekara uku ko huɗu a kan babbaƙu bai fita ba, alhali kuwa in an aike shi kasuwa ko kwabo ba ya ɓatarwa. Ta biyu ta ƙasa ce, sa'ad da tsada ta tashi, masu riƙe da baitulmali suka ce kasuwa ta yi zafi, sai a rage mata wuta. Abin da ya gama su shi ne awo. A cikin kowace ɗaya, mai hukunci ya kan gwada abin da idonsa ya ke gani da wani abu da ba ya ganuwa, watau iyakar ƙarfin yaro ko iyakar ƙarfin ƙasa, sa'an nan ya ba da magani. Ra'ayina shi ne wannan iyaka zato ce, wanda kuwa ya ɗauki zato ya yi duka da shi, ko da bulala ko da doka, ya yi ganganci. Masu karatun usulu sun san alama daban, illa daban. Kāsa karatu alama ce, tsada ma alama ce.

Bari mu fara da yaron, gama shi ne ba shi da bakin kai ƙara. Duk malamin da ya daɗe da allo a gabansa ya san shi. A rubuta masa ba guje yau ya biya, gobe ya kira ta ta, jibi ya kira ta nun. Lalle kuwa baƙaƙenmu suna da tarko. Ba da ta da nun da ya, in sun shiga tsakiyar kalma haƙori ɗaya ne, ɗigo kaɗai ya raba su. Jim ƙarami da ha ƙarami da ha mai ruwa jiki ɗaya gare su. A rubutunmu na Warshu fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a bisa. Kowane yaro ya kan yi tuntuɓe a nan cikin watanninsa na fari, wannan ba kome ba ne. Amma sa'o'insa su wuce, shi ya tsaya. In ya lallaɓa ya shiga farfaru, wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a su riƙa musanya masa wuri. In aka zo tattashiya, inda a ke gama baƙi da wasali su zama kalma, sai ya cije kamar jakin da ya iso bakin rafi.

Abin da ya ke ɓoye shi shi ne kunnensa. Malam ya biya masa sau biyu ko uku, ya riƙe, ya koma cikin hayaniyar 'yan'uwansa yana bin allo da tsinke, bakinsa yana tafiya daidai, idonsa kuwa ba ya ɗaukar kome. Ya kan yi shekaru haka ba a farga ba. Wanda ya ke so ya gane shi, sai ya ɗora tsinke a tsakiyar allon ya ce, wannan fa? Zai ga yaron ya koma farkon layi yana motsa leɓe a ɓoye, yana ƙirgo kalmomi har ya iso wurin. Wasunsu ma haddar kanta tana yi musu nauyi, su ne waɗanda a ke saurin ganewa, su ne kuma su ke fara shan dorina. Sunayen da mu ke ba su ba su da daɗin ji: daƙiƙi, malalaci, mai toshewar kai. Wani uban ya ce sammu ne, wani ya ce jifa. Ƙarshen da yawa daga cikinsu tasha ce ko bakin kasuwa, su bar allo da ƙiyayyarsa a zuci har tsufa.

Likitocin Turai sun daɗe da lura da wannan. Wani likitan ido a birnin Situtgat ta Jamus, Rudolf Berlin, shi ya baza sunan disleksiya a littafinsa na 1887, ko da ya ke shi manya ya duba, waɗanda ciwon ƙwaƙwalwa ya raba da karatu. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro mai shekara 14, idonsa lafiya, lissafi ba ya yi masa wuya, amma ko sunansa in ya rubuta sai ya juya baƙaƙen. Malamin makarantarsu ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai a ke karatu, da ba wanda zai wuce shi a makarantar. Malaman tsangaya, ashe ba yaronmu ba ne wannan? Zamanin nan sun zaci makanta ce ta kalma. Daga baya bincike ya nuna asalin illar ba a ido ta ke ba. Tana wajen rarrabe sautin magana. Mu da mu ke karatu mun manta cewa kalma kamar gero dunƙule ɗaya ta ke fita daga baki, sai an koyi tsinka ta kafin a san sauti huɗu ne a jere, kowane da alamarsa a rubuce. Wannan tsinkawa ita ce ta ke yi wa yaron nauyi. A 1983 malamai biyu na jami'ar Oksifod, Lynette Bradley da Peter Bryant, suka ba da sakamakon gwajin yara wajen 400 da ba su fara karatu ba. A faɗa wa yaro kalmomi uku ko huɗu ya fid da wadda sautinta ya saɓa. Waɗanda suka kāsa wannan, su ne mafi yawa suka sha wuyar karatu bayan shekaru. Waɗanda kuwa aka horar da kunnensu, aka gama musu da baƙaƙen da su ke taɓawa da hannu, su suka fi ci gaba. Abin ya kan bi dangi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara 5 zuwa 10 cikin 100, watau tsangaya mai almajirai sittin da wuya ta rasa uku.

To, ga inda maganar awo ta shigo. Da hukumar Amurka ta so ta ware waɗannan yara don a taimake su, sai ta kafa ƙa'ida a 1977 cewa a auna basirar yaro da jarrabawa, a auna karatunsa, in an sami rata mai faɗi tsakanin biyun shi ne mai larura. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa sai ya zama tilas a jira yaro ya faɗi shekara biyu ko uku kafin ratar ta yi faɗin da doka ta ke so, lokacin da gyara ya fi sauƙi ya riga ya wuce. Har wa yau ɗan talaka, wanda jarrabawar basira ba ta yi masa adalci ba, sai a ce ai karatunsa daidai da kansa ya ke, a bar shi. Binciken shekarun 1990 ya nuna mai rata da marar rata illarsu ɗaya ce, maganinsu ɗaya. A 2004 suka gyara dokar, aka yarda makaranta ta bar wancan mudu, ta koyar da yaro da hanya mai kyau tun da wuri, ta dubi yadda ya amsa. Rahoton da Sir Jim Rose ya miƙa wa gwamnatin Ingila a 2009 shi ma haka ya tafi: larurar tana samun mai kaifin basira da matsakaici, kuma a kan san nauyinta daga yadda yaro ya amsa koyarwa ingantacciya. Shekara 27 ke nan ƙasa mai dukiya da jami'o'i tana awo da mudu mai bugaggen gindi.

Yanzu 'yan kasuwa, ku matso, gama irin wannan mudu yana cikin sha'aninku. Sa'ad da masanan tattalin arziki suka ce ƙasa ta yi zafi, misalin mota su ke nufi. Gingimarin da aka ƙera don tan goma, a ɗora mata goma sha biyar, direba ya taka wuta a Hawan Kibo, allurar zafi ta hau, lagireto ya tafasa. Haka ƙasa: kuɗi su yi yawa a hannun jama'a da hukuma, kowa yana neman kaya da ma'aikata fiye da abin da gonaki da masana'antu da tashar jiragen ruwa za su iya bayarwa, sai farashi ya ɗauki abin da ya rage. Maganinsa a rage gudu. Babban banki ya tsananta kuɗin ruwa, ya ƙulle wani rabo na ajiyar bankuna, bashi ya yi wuya, saye ya ragu. Hukuncin kuɗin ruwa a shari'a sananne ne, ba shi na ke tattaunawa ba, ina faɗin yadda su ke aiki ne. Amma kowane direba ya san allura ta kan hau ko mota ba kaya, in lagireto ya huje ko fambel ya tsinke. Wanda ya sauke kaya a nan ya yi hasarar kaya, motar kuwa ba ta warke ba.

Iyayenmu sun ga zafi na gaskiya. Daga ƙarshen 1973 farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi suka kwararo wa gwamnatin Janar Gowon. Aka karɓi rahoton Jerome Udoji, aka ƙara albashi, na ƙananan ma'aikata ya ninka, aka kuma biya bashin watannin baya a dunƙule a farkon 1975. Har yau tsofaffi suna ba da labarin kuɗin Udoji: keke da rediyo da babur suka ƙare a kanti, mai tumatir ma ta ce a ba ta nata Udojin. Hukuma ta yi odar siminti tan miliyan 20, tashar Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka ba, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku ana biyansu ladan jira. A shekarar tsada ta kai kusan kashi 34 cikin 100. Ko da ya ke farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 yana da nasa hannu a tsadar abinci, babbar alamar a fili ta ke: farashi yana hawa, ciniki kuma yana hawa tare da shi.

Wannan ita ce alamar da na ke so mai rumfa ya riƙe, don ta fi lissafin ofis kusa da shi. In tsada ta hau, kaya kuma suna tashi daga rumfa da sauri, kuɗi ne suka yi yawa. In tsada ta hau, masu saye suka janye, mai sayen buhu ya koma tiya, mai tiya ya koma rabi, to kaya ne suka yi ƙaranci ko kawo su ya yi tsada. Da wannan hanya wani masani a reshen babban bankin Amurka na San Faransisko, Adam Shapiro, ya rarraba tsadar ƙasarsu a 2022, shekarar da ta kai kashi 9.1 a watan Yuni. Ya sami kusan rabin hawan daga ƙarancin kaya ne, wajen sulusi daga yawan nema. Ga shi kuwa a lokacin kowane mai neman aiki ɗaya a Amurka yana da gurbi kusan biyu suna jiransa, wanda ya ke alama ce ta zafi ƙarara. Ashe illa biyu su kan taru a jiki ɗaya.

Amma masana ba su tsaya a kan wannan ba. Babban mudunsu shi ne rata tsakanin abin da ƙasa ta samar da abin da su ke zaton iyakar ƙarfinta ne, daidai da ratar nan ta yaro. Iyakar kuwa ba wanda ya taɓa ganinta. Athanasios Orphanides, wanda ya yi aiki a babban bankin Amurka kafin ya shugabanci na Kubrus, ya koma kan takardun shekarun 1970 ya nuna cewa masu hukunci na lokacin sun zaci ƙasarsu tana ƙasa da ƙarfinta da nisa, suka yi ta ƙara wuta, alhali ƙarfin ya riga ya ragu ba su sani ba. Tsadar shekara goma ta biyo baya. Su sun kai zato sama, masu auna yaro sun kai shi ƙasa, kuskuren ɗaya ne.

Mu zo gida. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Aka rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Manoma a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da yawa ba su iya zuwa gonakinsu na nesa ba. Tsada ta tashi daga kashi 22 zuwa 34.8 a Disambar 2024, ta abinci ta wuce 40 a tsakiyar shekarar. Babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 zuwa 27.5, ya ƙulle rabin ajiyar bankunan kasuwanci. Shin zafi ne irin na Udoji? A tambayi Kantin Kwari da Singa da Dawanau ko ciniki ya hau tare da farashi. A dubi Sharaɗa da Bompai da Kakuri ko injuna suna kwana suna aiki saboda oda ta yi yawa. Arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi 3 ko kusa da haka a waɗannan shekaru, jama'a kuwa suna ƙaruwa da fiye da kashi 2. Wannan ba gudun mota mai tafasa ba ne. Ba na hana masu bankin hujjarsu: bashin da gwamnati ta ci a hannun babban banki, naira tiriliyan 22.7 da majalisa ta amince a mai da shi bashin dogon zango a 2023, kuɗi ne da aka zuba ba tare da kaya ba, kuma tsananta kuɗin ruwa ya taimaka naira ta daina zamewa. Amma kuɗin ruwa ba ya korar ɗan bindiga daga gona, ba ya rage kuɗin mota daga Dawanau zuwa Ikko. Da hatsi ya sauko a 2025, damina da buɗe ƙofar shigo da abinci suna da babban rabo a ciki.

Mudun kansa ma an sāke shi muna kallo. Ofishin ƙididdiga ya ce marasa aiki kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020. A 2023 ya ɗauki sabuwar ƙa'ida, wadda ta ke lissafa wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako cikin masu aiki, sai adadin ya zama 4.1. Baƙon da ya karanta wannan daga nesa, da ilmin da ya koya cewa ƙarancin marasa aiki alamar zafi ce, zai rantse ƙasarmu tana tafasa. Haka a Janairun 2025 aka sabunta kwandon kayan da a ke auna tsada da shi, 34.8 ta koma wajen 24.5 cikin wata ɗaya, ba don mudun gero ya sauka a ranar ba. Ban ce sun yi ha'inci ba, sabuwar ƙa'idar ita ce ta sauran duniya, tsohon kwandon kuwa tun na 2009 ne. Amma wanda bai san an canja tiya ba, ba ya gwada awon bana da na bara.

Abin da masu hankalin cikinsu suka koma kai shi ne su dubi alamu da yawa tare, su taka kaɗan, su ga yadda kasuwa ta amsa, kāna su ƙara ko su rage. Wannan kuwa shi ne abin da na ke roƙon malamai su yi da yaron nan, mu da mu ke da shi a gabanmu kullum, ba sai mun jira ofishin ƙididdiga ba.

Kafin a ce yaro yana da wannan larura, a kawar da abin da ya ke kama da ita. Wani idonsa ne, ba ya ganin ɗigo a hasken wutar kara, tabarau zai warkar da shi. Wani kunnensa ya toshe tun ciwon ƙuruciya. Wani yunwa ce, wanda ya kwana bai ci ba ba ya rarrabe dal da zal. Wani rabin shekara yana gona ko kiwo. Bayan wannan a gwada kunnensa da Hausa, ba allo a gabansa. A ce masa tara, gara, bara, tudu, wace ce bare? A ce kaza, in an cire ka me ya rage? A ce doki da daga, da me suka fara? Yaro ɗan shekara bakwai da ya ke ɗimuwa a nan, alhali yana da wayo a sauran al'amura, shi ne namu. Wasan nan kansa magani ne, a riƙa yi masa shi kullum.

Sunayen baƙaƙe da muka gada hikima ce babba. Wanda ya sa wa baƙi suna ɗa mai hannu, ko lam jaye, ko ha kuri, ya ba ido abin kamawa. Amma ga yaron nan akwai cikas: sunan ya yi tsawo har sautin ya ɓace a ƙarƙashinsa. Ya iya cewa jim ƙarami koma baya, bai san abin da baƙin ya ke faɗa a cikin kalma ba. Saboda haka a ba shi suna da sauti tare, a nanata sautin fiye da sunan. Kada a haɗa masa masu kama da juna a mako ɗaya, ba ta zauna daram kafin ta ta shigo. A sa shi ya zāna baƙin da yatsa a rairayi, babba, yana furta shi da ƙarfi, ya gina shi da yumɓu ya ɗora ɗigon da tsakuwa. Hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara a Amurka a shekarun 1930, wadda har yau a ke biyan kuɗi mai yawa a koye ta, gindinta ke nan: ido da kunne da hannu su yi aiki lokaci guda, a tafi daki-daki, kada a wuce mataki sai ya zauna. Su sai sun sayi tiren rairayi, mu kuwa a kansa mu ke zaune.

A nan ajami yana da amfanin da ba mu cika lura da shi ba. Yaranmu suna koyon karatu da harshen da ba su ji, ba su da ma'anar da za ta riƙe musu hannu in sun yi tuntuɓe. A bar yaron nan ya fara haɗa baƙi da kalmomin gidansu: sunansa, sunan uwarsa, gero, rago, fura. In ya karanta fura ya gane abin da ya karanta, fuskarsa za ta gaya maka. Kuma tun da ya ke ba aya ba ce, ya rubuta a ƙasa ya shafe sau ɗari ba laifi. A allonsa kuwa a rage layi, a buɗa rubutu, a sa wasali da jar tawada kamar yadda mahaddatanmu su ke yi a mushafin hannu. Rubu'in sa'a kowace rana, su uku ko huɗu a gefe guda, ya fi zaman yini sau ɗaya a mako. Haddarsa kuma kada a tsai da ita a ce sai ya iya baƙi. A ci gaba da ba shi ta kunne, ai makafi sun haddace sun zama alarammomi, asalin karɓar karatu ma daga baki ne zuwa baki. Abin da ya iya shi zai riƙe masa mutuncinsa a cikin sa'o'insa kafin abin da bai iya ba ya zo.

Sa'an nan a yi awo. Malam ya sami takarda, kowace Laraba kafin a tashi ya nuna wa yaron baƙaƙe a warwatse, ba bisa jerin da ya haddace ba, ya rubuta nawa ya sani. Bayan wata uku takardar za ta yi magana. Wanda ya zabura ya kamo 'yan'uwansa, dā ma koyarwar ce ba ta same shi ba. Wanda ya ke tafiya a hankali ƙwarai duk da wannan kulawa, shi ne mai larurar sosai, sai a ƙara masa lokaci, a gaya wa iyayensa gaskiya. Larurar ba ta kan gushe ɗungum ba, zai girma karatunsa da nauyi, rubutunsa da gyara, amma zai karanta.

Na san za a ce haka muka tarar, da bulala muka yi karatu muka zama mutane. Waɗanda bulala ta kora ba su nan balle su ba da tasu shaida. Magabatanmu na mazhaba ma ba su saki hannun malami ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, a littafinsa na ladubban malamai, ya iyakance dukan karatu ga bulala uku. Ibn Khaldun ya keɓe fasali a Muƙaddima a kan cewa tsanani yana cutar da mai koyo, yana koya masa ƙarya da ɓoye-ɓoye. Yaron da ya ke bin allo da tsinke yana riya karatu, wa ya koya masa wannan in ba tsoro ba? Hadisin Nana A'isha da ya ke cikin Buhari da Muslim ya tabbatar wa mai karatu da wahala lada biyu, ƙaƙa mu za mu ba shi bulala biyu? Masu cewa sauƙaƙawa bidi'a ce kuwa, su tuna mushafin farko ba ɗigo ba wasali. Da baƙi suka shiga Musulunci karatu ya yi musu wuya, aka sa alamun wasali, abin da a ke jingina wa Abul Aswad, aka sa ɗigon rarrabe baƙaƙe a zamanin Hajjaju. Ɗigon nan da yaron ya ke fama da shi, don taimakon mai rauni aka ƙago shi tun asali.

Uzurin da na ke karɓa shi ne na yawa. Malami ɗaya da almajirai tamanin, ba albashi, kuɗin Laraba ba ya sayen tiyar masara, ina ya ga rubu'in sa'a na yara huɗu? A nan ne na ke juyowa ga attajirai. Kun saba gina masallaci da raba hatsi da azumi, Allah ya karɓa. Ga wata ƙofa ƙarama: a kowace unguwa mutum ɗaya ya ɗauki abincin gardi ɗaya da ɗan abin sabulu, aikinsa kawai ya zauna da waɗannan yara bayan asuba ko bayan la'asar, malam ya nuna masa hanya. Wani ya ɗauki kai yaran a duba idonsu da kunnensu sau ɗaya a shekara. Kuma kada mai bayarwa ya ji kunyar bin sawun kuɗinsa. Yadda ya ke buɗe littafin rumfa ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita, haka bayan wata uku ya zo tsangaya ya gai da malam, ya ce a nuna masa takardar Laraba.